Sawun Motar Gyaɗa

Ranar wata Talata da hantsi, cikin kaka, shekara goma bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama, babbar motar da ke kwasar gyaɗa daga Sabon Birni zuwa Isa ta saki hanya a Tungar Ɗanmusa, ƙauyen da ke gaba kaɗan da Gatawa. Ta keta shingen kara, ta afka masussuka inda mata ke aikin gero, ba ta tsaya ba sai da ta daki gindin gawo.

Kafin maza su sheƙo daga gonaki mai afkuwa ta riga ta afku. Mata biyu ba rai: tsohuwa Kadijatu, da wata matar aure mai suna Maryamu. Ta uku, Laraba, ƙafarta ta karye, tana kwance cikin ƙaiƙayi ko kuka ta kasa. Ƙofofin motar duka biyu a wangale. Karen motar, Illo, magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya, yana zaune a ƙasa ya ɗora kan tsohuwar a cinyarsa. Ɗan ƙauyen ne, kuma Kadijatu ita ta haife shi.

Direban kuwa, Maliki, sai cikin karan dawa aka same shi. Goshinsa na jini, ba hula, yana miƙa hannu yana tsintar wani abu a iska yana zubawa aljihu. Aka kira sunansa bai waiga ba. Da aka riƙe shi sai ya yi murmushi, ya tambayi wanda ya riƙe shi ko jirgin ruwa ya iso.

"Tsohon soja na," in ji wani. "Can sunka koyo shan wiwi."

"Burkutu ta. Ku dube shi, ya kashe mutane shina dariya."

Mijin Maryamu ya riga ya ɗauki taɓarya. Maigari Amiru ne ya shiga tsakani, ya tokare sandarsa a ƙasa, ya ce duk wanda zai taɓa mutumin nan sai ya fara da shi. Ya sa aka ɗaure Maliki a inuwar rumfa, ya tura mai doki Isa ya kira 'yan doka, ya kuma aika Gatawa a ce wa Labbo ya zo.

*

Labbo ya haura sittin. Cikin shanun Fulani ya tashi, kuma tun yana saurayi aka san shi da bin sawu. In an kore garke, ko an fasa rumbu, shi ake kira, ya duƙa ya dubi ƙasa ya faɗi ko mutum nawa ne da inda suka nufa. Bai taɓa shiga mota ba, ba ya kuma sha'awa.

Ya iso a kan jakinsa, ya kewaya motar sau biyu. Mutane sun tattake wurin. Sai can bayan bodi, inda buhunan gyaɗa suka zube, ya tsaya ya daɗe.

Bayan azahar Saje Lawwali na 'yan dokan En'e ya iso a keke, tare da Malam Jibrilla, malamin disfensa na Isa. Malamin ya fara ɗaure ƙafar Laraba, sannan aka fito da direba fili. An koya wa Saje yadda ake gwada direban da ake zargi da maye, amma sau ɗaya ya taɓa yi, shi ma a kan wani mai amalanke. Ya sa aka kwance igiyar.

Ya fara da sansana bakinsa. Ba warin barasa, ba na hayaƙi.

"Mi sunanka?"

"Kofur Maliki, ranka ya daɗe. Alfadarai sun ƙi shiga ruwa."

"Yau wace rana ta?"

Maliki ya dubi bayan Saje, ya gaida wani da ba kowa ya gani ba.

Saje ya ja layi a rairayi da kulkinsa, taku goma, ya ce ya bi kansa. Maliki ya ɗaga ƙafa kamar mai hawa matakala, ya sauke ta nesa da layin, ya yi hagu, ya yi dama, a taku na huɗu ya durƙushe. Aka ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kasa. Aka ce ya rufe ido ya taɓa hancinsa, ya kama kunne. Saje ya zubar da tsinken ashana uku a ƙasa ya ce ya tsince. Ya yi ta lalube gefensu, yana ɗibar ƙasa.

Malam Jibrilla ya karɓe shi. Ya kama wuyan hannunsa yana duban agogo, ya ce zuciyar na gudu kamar ta wanda ya yi tsere. Ya taɓa wuyansa: zafi zau, kuma a bushe, alhali kowa a wurin gumi yake. Ya ce ya tofa yawu, bakin ba ko ɗigo. Daga nan ya ciro ɗan madubi ya haska masa rana a ido. Waɗanda ke kusa suka ja baya. Baƙin idon ya buɗe ya cinye kusan duka, kuma hasken bai sa ya tsuke ba.

"Wanga ba barasa ba ta," in ji malamin. "Ba wiwi ba na, shi ja yaka sa ido. Zaƙami na. Ya ci 'ya'yan zaƙami, kuma da yawa."

Kowa ya san zaƙami, yana nan a bayan kowace bola da farar furensa, ana hana yara taɓa shi. Ba wanda ya taɓa jin babban mutum ya ci shi ya hau mota.

"To, magana ta ƙare," in ji Saje. "Ya ci abin maye ya yi tuƙi ya kashe rai biyu. Sakkwato za a kai shi."

Labbo yana tsugune a bakin layin da aka ja, yana kallon sawun takalman sojan Maliki. Bai ɗago ba ya yi tambaya.

"Malam, in mutum ya ci shi, yaushe yaka kama shi?"

"Rabin awa, ko awa guda."

"In ya kama, shina sakin mutum kaɗan, sannan ya dawo?"

"A'a, Baba. Hawa ɗai yaka yi. Sai ya kwana ya wuni kahin ya hwara sauka."

Labbo ya gyaɗa kai, ya auna tsakanin sawu da sawu da tafin hannunsa.

*

Kafin la'asar aka yi jana'iza. Da aka zo ɗaukar makarar Kadijatu, Illo ya sa kafaɗa, sai ya yi wani nishi ya saki, ya dafe ƙirji. Mutane suka riƙe shi suna ba shi haƙuri, wani ya karɓi wurinsa. Har aka dawo yana ƙudundune cikin bargo, da zafin nan.

Saje ya same shi a ƙofar gidansu, ya yi masa ta'aziyya, ya ce ya yi haƙuri da tambaya a irin wannan rana. Labbo na gefe.

"Da hwitowar rana munka taso Sabon Birni," in ji Illo, muryarsa ƙasa ƙasa, yana jan numfashi guntu guntu. "Ya sha hura a tasha, wurin Kande, kamar kullum. Muna wuce Gatawa nig ga shina magana shi kaɗai. Nac ce maigida mu tsaya, ya ƙi."

"Ba ku tsaya ko'ina ba?" in ji Saje.

"Ko'ina. Har munka iso nan."

"Ka taɓa ganin ya sha wani abu?"

Illo ya gyara bargonsa. "Shekara tara nike bin shi. Ban son in hwaɗi abin da ban gani ba. Amma akwai wani ƙulli da yaka ajewa aljihu."

Saje ya je ya laluba aljihun Maliki, ya sami ƙullin a cikin tsumma. Mutane suka taru ana kwancewa. Malam Jibrilla ya sansana, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar. Garin taba ne da kanwa, irin wanda rabin dattawan ƙauyen ke sawa a baki.

"Saura mai hura," in ji Saje. "Gobe za ni Sabon Birni."

"Akwai mutum na ukku cikin motag ga," in ji Labbo. "Ya diro ta baya, ya gurɗe ƙahwar dama, ya yi arewa da kaya bisa kai."

Saje ya juya ga Illo. Illo ya ce wani ɗan kasuwa ne, Bawa, da ya roƙi a rage masa hanya, ya hau kan buhuna. Ya ce tashin hankali ne ya mantar da shi.

Nan da nan zance ya juya. Ai an san ɓarayin da ke zuba wa matafiya zaƙami a abinci su kwashe musu kaya. In ba shi da laifi me ya sa ya gudu? Samari suka ce za su bi shi. Labbo ya ce ba ya son kowa, ƙafafu da yawa ɓata ƙasa suke.

*

Sawun bai ba shi wuya ba. Mutum mai ɗingishi da kaya a ka ba ya ɓoyuwa. Ya bi shi ta gonakin gero da aka girbe, ya tsallaka wani busasshen rafi, ya ga inda ya zauna ya ɗaure ƙafa, ya ga inda ya yanki sanda. Rana ba ta faɗi ba ya same shi a wata ruga ta wajen Kurawa, ƙafar ta kumbura, matan Fulani sun ba shi nono.

Bawa na ganinsa ya fara rantsuwa. Labbo ya zauna, ya gaisa da masu rugar da Fillanci, sannan ya gaya wa Bawa an yi rasuwa, ya ce ya kwance kayan. Turare ne da sigari na ƙasar Faransa, waɗanda ba su bi ta kwastan ba.

"Su nig guje ma, Baba. Na san 'yan doka za su zo. Wallahi ban san an mutu ba sai da kah hwaɗa yanzu." Ya dubi Labbo. "Mutum biyu?"

"Biyu. Ba ruwana da turarenka. Gaya min tahiyar, tun daga tasha."

Bawa ya ce shi yana kwance ne a kan buhuna, ya ja tamfol ya rufa saboda rana, bai ga komai ba. Da farko tafiya lafiya. Bayan Gatawa motar ta fara lilo, tana zuwa wannan gefe tana komawa wancan, har ya riƙe igiya.

"Sai munka tsaya."

"Kunka tsaya?"

"Mun tsaya, inji ya mutu. Na ji an buɗe ƙohwa, na ji kamar mutum na kakarin amai. An ɗan jima. Sannan ƙohwa ta ruhe, wata ƙohwa ta ruhe. Anka tada inji ya mutu, anka sake ya mutu. Na ukku mota ta yi tsalle har kaina ya bugi katako. Daga nan gudu ɗai, da ham, ana ta danna ham."

"Bayan tsayawar, ta ci gaba da lilo?"

Bawa ya yi tunani. "A'a. Sak taka tahiya."

Labbo ya kwana a rugar. Da safe ya roƙi Fulani su ɗora Bawa a jaki su kai shi gidan Maigari, shi kuma ya yanke ta daji ya faɗa hanyar mota a daidai Gatawa.

*

A lokacin mota ba ta fi biyu ko uku a mako a wannan hanya, kuma tun jiya ba wadda ta bi. Shanu sun ratsa a wurare, jakuna sun bi gefe, amma sawun taya na nan kwance a rairayi. Labbo ya bi shi a ƙasa yana jan jakinsa.

Daga Gatawa sawun ya miƙe kamar an ja igiya. Can ya fara karkata kaɗan ya dawo. Gaba kuma karkatar ta ƙaru, har taya ɗaya ta hau kunyar gona ta sauko. Sannan, a gindin wata tsamiya, kimanin mil ɗaya da rabi kafin Tungar Ɗanmusa, motar ta rage gudu a hankali, ta raɓa gefe, ta tsaya daidai. Baƙin mai ya ɗiga a wurin.

Labbo ya ɗaure jaki nesa, ya dawo ya tsuguna. Ya daɗe a nan fiye da yadda ya daɗe a ko'ina. Da ya gama ya sari ƙaya ya kewaye wurin, ya ci gaba da bin taya har masussuka. Da ya iso bai nemi ruwa ba, ya wuce rumfar da aka tsare direba.

Maliki ya fara dawowa hayyacinsa. Ya rufe ido da hannu don haske na sukarsa, leɓɓansa sun tsage. An riga an gaya masa abin da ya faru.

"Mi kaka tunawa?" in ji Labbo.

"Na sha hura, na ji ɗaci kaɗan, nac ce ko gero na. Bayan Gatawa hanya ta zama biyu. Daga nan ban san komi ba, Baba. Shekara ashirin ina tuƙi, ko akuya ban taɓa takawa ba. Sun ce uwar Illo ta. Matar da ka aiko min da ƙuli duk wucewa. In sun ce ni na, ni na. A kai ni inda za a kai ni."

"Ba ka tuna ka tsaya?"

"Ban tuna ba."

*

Bayan la'asar aka taru a zauren Maigari Amiru. Saje ya dawo daga Sabon Birni da Kande mai fura, tana ta sharar hawaye da bakin zane. Ga Bawa da kumburarriyar ƙafa, ga Maliki da ankwa, ga Illo cikin bargonsa. An ɗauko Laraba a kan gadon kara an ajiye ta daga ciki. Mutanen gari sun cika ƙofa, mijin Maryamu a gaba.

Saje ya fara da cewa mutum sama da talatin sun sha furar Kande jiya, ya ga goma daga cikinsu, ba wanda ko kansa ya sara. Ya ce shi a ganinsa ko dai direba ya ci da kansa, ko ɗan kasuwa ya zuba masa.

Labbo ya nemi izinin Maigari, ya juya ga Kande.

"Ɗiyata, Maliki gabanki yas sha?"

"A'a, Baba. Shi ba ya zama tasha, shina duba inji. Kwanonai na soja aka kawowa in zuba, a kai mishi."

"Wa ka kawowa?"

"Illo, kullum."

Wasu suka yi gunaguni a ƙofa. Wannan ai aikin karen mota ne, me ya kawo shi cikin zance? Maigari ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Labbo, "ni ban san mota ba, ƙasa nis sani. Jiya Saje ya ja layi ya sa wanga bawan Allah ya taka, nig ga yadda zaƙami ka tahiya da mutum: ƙahwa a ware, taku dogo, taku gajere, ta hagu na ja. Malam kuma ya ce abin in ya kama, hawa ɗai yaka yi. Yau na bi sawun mota tun daga Gatawa. Ta hwara lilo kaɗan, ta ƙara, ta ƙara. Wanga tuƙin mai zaƙami na. Gindin tsamiya ya ja gehe ya tsaya, ya kashe inji."

Maliki ya ɗago kai.

"Ya sauko ta ƙohwar dama, wajen sitiyari. Sawun takalmin soja na, iri ɗaya da na kan layin Saje. Taku shida ya hwaɗi. Ga gurbin gwiwa, ga na hannu. Sai wani mai takalmin taya ya sauko ta hagu, ya kewayo, ya kama shi, ya ja shi ta gaban mota, dugadugansa na jan ƙasa, ya tura shi ta ƙohwar hagu. Sannan mai takalmin taya ya koma dama shi kaɗai. Bai dawo ba. Daga nan taya ta tona rami wurin tashi, kuma har masussuka ba ta sake lilo ba ko sau ɗaya. Wanda ya kasa tsince ashana ba ya miƙe mota mil da rabi. Na kewaye wurin da ƙaya, kowa na iya zuwa ya gani."

Idanu suka sauka kan takalman da ke jere a bakin zaure. Bawa takalmin fata yake sawa.

"Rabin ƙasag ga takalmin taya suka sawa," in ji Illo. Muryarsa ba ta fita sosai. "Uwata ta anka binne jiya, Baba Labbo. Uwata."

"Na sani, ɗana. Shi ya sa nis so a ce ƙasa ta yi min ƙarya." Labbo ya juya ga malamin disfensa. "Malam, in mota ta daki itace, wanda ke zaune hagu ina yaka buguwa?"

"Goshi, ga gilashi."

"Mai tuƙi hwa?"

"Ƙirji. Sitiyari ka tare shi."

Saje ya tashi ya buɗe rigar Maliki. Ƙirjinsa ba tabo, sai tsagar da ke goshi. Ya juya ya tsaya a gaban Illo. Bai taɓa shi ba, ya dai tsaya.

Illo ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya saki bargon, ya kama bakin rigarsa ya ɗaga, yana cije leɓe don zafi. Daga wannan haƙarƙari zuwa wancan, shatin ya kwanta baƙi ƙirin, a lanƙwashe kamar bakin ƙwarya.

Wata tsohuwa a waje ta fara salati, ta kasa ƙarasawa. Maigari ya cire hannunsa daga kan sanda ya rufe baki. Mijin Maryamu, wanda tun jiya ake riƙe shi, ya sulale ya zauna a dokin ƙofa.

"Don mi?" in ji Maigari. "Illo, don mi?"

"Ban yi nuhin kowa ya mutu ba." Yana magana yana tsayawa. "Shekara huɗu ke nan nig gaya ma Inna na zama direba. Nac ce na samu lasin. Ta gaya ma kowa. Duk wucewa in muka zo sai in ce maigida na hutar da ni. Bana tac ce min, Illo, idona na tahiya, ina son in gan ka bisa sitiyari kahin ya ruhe. Na roƙi maigida sau ukku ya bar ni in ratsa garinmu, ya ce hannuna bai nuna ba."

"Bai nuna ba," in ji Maliki a hankali. "Sau biyu kaf hwaɗi gwaji."

"Nac ce in ya ɗan ji jiri zai ba ni. 'Ya'ya kaɗan nid daka. Ban san haka yaka yi ba. Da ya hwaɗi na tsorata, amma ga mota, ga gari kusa. Na san Talata suna masussuka. Na yi ta danna ham don ta ɗago. Na leƙa ina neman ta, da na maido ido shinge na gabana. Na taka birki. Ashe ba birki nit taka ba."

"Kuma kab bari a kai wani Sakkwato," in ji Saje. "Har kan nuna min aljihunai."

Illo ya juya wajen gadon karan.

"Laraba, ke ke kusa da ita. Don Allah gaya min. Ta gane ni?"

Laraba ta dube shi. Tun jiya ba ta yi magana da kowa ba.

"Shiƙa take, ta ba hanya baya," ta ce. "Da munka ji ham nac ce Inna ga motar su Illo. Tac ce bari in ƙare wagga ƙwarya, iska na da kyau. Ba ta waiga ba."

Saje ya ciro mabuɗi ya kwance ankwar daga hannun Maliki, ya tsaya riƙe da ita, kamar ya manta abin da ake yi da ita. Illo ne ya miƙo hannuwansa.

*

Washegari Saje ya tafi gindin tsamiya da Maigari da dattawa uku, Labbo ya nuna musu komai, aka rubuta. Aka wuce da Illo Isa, daga can Sakkwato, inda aka yanke masa shekaru masu yawa. Ba a ji ya sake taka Tungar Ɗanmusa ba. Bawa ya rasa turarensa da sigarinsa, Kande ta koma tasha, amma ta daina zuba fura a kwanon da mai shi ba ya tsaye.

Maliki ya yi kwana huɗu a gidan Maigari kafin idonsa ya iya kallon rana. Ranar da zai tafi ya bi gida gida ya yi ta'aziyya. Mijin Maryamu ya fito, suka tsaya suna kallon juna, sai mutumin ya kama hannunsa da hannu biyu ya roƙe shi ya yafe masa taɓaryar da ya ɗauka.

A bakin gari ya tarar da Labbo yana ɗaure wa jaki akumari. Ya durƙusa zai yi godiya, tsohon ya ɗaga shi.

"Ba ni nik kuɓutar da kai ba. Kai kat tsaya. Hanya ta zama biyu gabanka, kaj ja gehe, kak kashe inji. Ni gani ɗai niy yi."

"Ban tuna ba, Baba. Har yanzu ban tuna ba."

"To, zo in nuna maka, tun shanu ba su bi ta kai ba."

Suka kama hanyar Gatawa a ƙasa, tsohon a gaba, direban na biye.